Shekarar Ciyawar Inuwa

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida na ji ɗayanku yana cewa wai jinka ba sana'a ba ce, ciyawa ce Allah ya shimfiɗa a daji, duk mai lauje da wuyan ɗaukar kaya ya iya. Yau da kuka zo aron tsani, ku ɗan zauna tukuna. Kun taso kun ishe ni da sanda, ana ce mini Bawa mai jinka, amma babu wanda ya taɓa ganina a kan ɗaki a cikinku. Bari in gaya muku abin da ke cikin ciyawar nan da kuke takawa.

Damin farko da na yanka da hannuna, a gindin wata ɗorawa na yanke shi, yamma da garinmu, kan hanyar Tambuwal. Lokacin na fara tasawa, mahaifina ya miƙa ni ga Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyata, don ya koya mini aikin. Kawu ya ba ni lauje, ya nuna mini daji da haɓa, ya ce in kawo masa ciyawar rufin ɗaki. Na zaga fili rana na dukan ƙeyata, ciyawar duk ta bushe ta yi ja, tana yankan hannu. Sai na hango ta gindin ɗorawa, doguwa har kafaɗata, mai laushi, ga sanyi. Na ce a raina lallai Kawu bai san wurin nan ba. Na yanki dami ƙato, na ɗauko ina nishi, na dire a gabansa.

Ya ce, "Ina kay yanko wagga?"

Na ce, "Gindin ɗorawa, Kawu."

Ya zari sili ɗaya ya naɗe a yatsa, ya naɗu kamar zare. Ya zari wani daga tarin da shi ya yanko, ya lanƙwasa, ya karye da ƙara.

Ya ce, "Wagga ta sha rana. Taka ko inuwa ta raine ta. Neman haske ya sa ta tsawo, babu ƙashi cikinta. Kai ma awaki, su ka son ta."

Abin da ya sa ya ƙi ta shi ne, ciyawar da ta girma a inuwa siririya ce, ganye ya yi mata yawa, jikinta kuma yana shan ruwa. In ka rufa ɗaki da ita, ruwan farko zai wuce lafiya, na biyu ma haka. Amma in damina ta yi nisa sai ta kwanta, ta manne, ta yi baƙi, ta ruɓe daga ciki alhali samanta yana nan da kyau. Ta rana kuwa karanta tauri gare shi da santsi, ruwa na sauka yana gangarewa.

Don haka kafin Kawu ya yarda ƙafata ta taɓa tsani, itatuwa ya koya mini. Tsamiya ba ta barin komai a gindinta, ƙasa ce tsirara sai tururuwa. Kuka saiwoyinta a sama suke, ciyawarta tsilla-tsilla ce. Ɗorawa da kaɗe inuwarsu mai kauri ce da damina, su ne ke haifar da kyasuwa da sauran ciyawa mai laushi wadda dabba ke so, mu ba mu so. Marke da taramniya inuwarsu a yayyage take, ana samun ta kirki a bakin inuwar, daidai inda ruwan ganye ke ɗiga, musamman gefen da hantsi ke dukansa. Gawo kuwa daban yake da kowa. Da ruwa ya sauka sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, rana ta shiga har gindinsa. Da rani kuma shi kaɗai ke da ganye, shanu su taru a ƙarƙashinsa su yi ta zuba taki. Gamba da shibci, ciyawar da muke rufi da ita, in sun fito a gindin gawo sun ci taki sun sha rana, babu kamarsu. Kawu yakan tsaya daga nesa, ya dubi kan itace kawai, ya ce mu je ko mu wuce.

Laujenmu duk Audu Maƙeri ke ƙera mana. Ya girme ni da 'yan shekaru, maƙerarsa tana gindin wani durumi a tsakiyar gari. Ya san hannun kowa, nawa yakan ƙara masa lanƙwasa don ni bahago ne. Bayan lauje sai igiyar rama, da kaba ta ɗauri, da tsani, da ɗan katakon da ake buga gindin ciyawa ta daidaita. In an kawo ciyawa gida sai a yante ta, wato a jera ta a igiya ta zama doguwar shimfiɗa, a naɗe. Ran aiki a warware naɗin a jikin itacen rufin, daga ƙasa ana zagayawa zuwa sama, kowane zagaye yana rufe kan na ƙasansa, har a kai tsororuwa a ɗaure.

Masu kiranmu iri biyu ne, masu ɗaki da masu rufewa, wato rumbun ƙasa da ake kifa wa jinka kamar malafa. Mai ɗaki yana da sauƙin sha'ani. In ya yi yoyo zai ja tabarmarsa gefe ya tara ƙwarya, gobe ya zo ya yi maka faɗa. Rufewa ba ta da gefen da za a ja hatsi. In ruwa ya samu hanya, yumɓu ya jiƙa, geron ciki ya yi tsiro ko ya yi funfuna, abincin gida na shekara ke nan. Kawu bai taɓa rufa wa kowa rufewa da ciyawar da ba shi ya ga inda aka yanke ta ba.

Shekarar da nake son ku ji labarinta, zamanin Turawa ne, na riga na yi aure, matata Hajo tana goyon ɗanmu na fari. Gwiwa ta fara cin Kawu, ni ke hawa, shi yana ƙasa yana nuni da sanda. Damina ta fara lafiya. Gero ya fitar da kai, sai ruwa ya ɗauke. Hadari ya riƙa haɗowa daga gabas, mu fito mu tsaya muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Da kaka ta yi, wanda ya saba cika rufewa bai kai rabi ba. Ɗan abin da aka samu shi ne zai kai mutane har wata kakar, ba wanda ke da zangarniya ɗaya ta asara. Duk wanda jinkar rufewarsa ta tsufa ya zo ya yi wa Kawu magana tun da wuri. A cikinsu akwai Audu Maƙeri, akwai kuma Inna Hure, wata dattijuwa da 'ya'yanta maza suka tafi cin rani Kurmi saboda yunwa, suka bar mata matansu da yara cike da gida.

Muka ɗaura wa jakai akumari muka nufi dajin Kebbe, inda muka saba yanka. Filayen da mutum kan shiga ya ɓace a cikin gamba, wannan shekarar ciyawarsu ba ta wuce idon sawu ba, sai ƙarangiya. Amma duk inda ka hangi itace, za ka ga ciyawa ta kewaye gindinsa kamar an ajiye faifai. Inuwa ce ta tsare ɗan danshin da ya sauka, rana ba ta shanye shi ba. Abin da muka saba wucewa ba mu ko waiwaya, shi kaɗai ya rage a dajin.

Na ce, "Kawu, mi muka yi?"

Ya ce, "Akwai wani kufai gaba, gawo na da yawa can. In shi ma babu, mu koma gida."

Muka isa kufan da hantsi. Tsohon gari ne da mutanensa suka tashi tun da daɗewa, gawo ya cika shi. A gindin kowanne ga gamba da shibci har ƙirji, jajaye, masu tauri. Sai dai ba mu kaɗai muka tuna da wurin ba. A bakin kufan shanu ne tsaye, haƙarƙarinsu a waje, sun fara ci. Mai su Sambo ne, wani makiyayi da gidansu ya daɗe a gefen Kebbe suna noma suna kiwo, sun san juna da Kawu tun suna samari. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo, kowa yana kallon ciyawar.

Kawu ya ce, "Sambo, rufewar mutane nika so in rufe."

Sambo ya ce, "Labbo, dubi shanun ga. Na bar saniya biyu kwance a hanya. In ka yanke wagga, mi za su ci?"

Kawu ya zauna a kan wani kututture ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya ce, "Wagga ta yi tauri, ganye kaɗai suka tsinka, su tattake saura. Can cikin sarƙaƙiya akwai kyasuwa ɗanya, ƙaya ta hana su shiga. Ka tsare muna shanunka daga gindin gawo, mu mu fid do maka ta inuwa. In mun gama, abin da ya saura naka na."

Sambo ya jingina da sandarsa. Sannan ya ce, "In na ga rana ta yi tsaka babu kaya, sakin su nika yi."

Haka muka yi. Da sassafe in shiga sarƙaƙiya da rarrafe, ƙaya na kama riga da fata, in yanko kyasuwa in jawo waje in kai wa shanu. Sai na ga sun duƙufa a kanta sannan in koma gindin gawo in fara aikina. Tabon da ke bayan hannuna na wancan lokacin ne. Abin da ya fi ƙaya damuna shi ne wuta. Mafarauta na cinna wa daji wuta a irin wannan lokaci, kuma a shekarar yunwa kowa mafarauci ne. Ina yanka ina ɗaga kai ina duban gefen sama. Wata rana hayaƙi ya tashi daga kudu, iska na turo shi wajenmu, muka bar yanka, ni da Sambo muka yi ta share ƙasa kewaye da tarinmu har la'asar, sannan iskar ta juya. Daga ranar Kawu ya ce kada dami ya sake taruwa a daji, duk abin da aka yanka jakai su kai gida.

Da muka gama, tarin da ke bayan gidan Kawu ya isa duk rufewar da aka yi mana magana, in an yi tattali. Muka fara yanta. Ba mu yi nisa ba sai ga manzon hakimi, mai gari na biye da shi yana kallon ƙasa. Suka ce Bature zai zo rangadi ya duba gonaki, ana sa ran in ya ga halin da ake ciki a sassauta haraji. Barikin da zai sauka, a babban garin da ke kan hanya, rufinsa ya lalace, an ce a nemo masu jinka da ciyawa mafi kyau.

Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga ta rufewar mutane ta."

Mai gari ya ce, "Na sani, Labbo. Duk ƙasar ga an bincika, kai ɗai ka da ita. Ba ni da yadda nika yi."

Mutanen da suka taru ma, masu rufewar, ba su hana a kwashe ta ba, don kowannensu yana tunanin haraji.

Rufin barikin nan shi ne aiki mafi girma da na taɓa yi. Ɗaki ne mai faɗi da baranda kewaye, ga ɗakin girki, ga rumfar doki. Muka yi shi da kyau iyakar iyawarmu, don in ya yi yoyo ba faɗa kawai za a yi mana ba. Ina kan tsani ina warware naɗi, kowanne na san gindin gawon da na yanko shi. Baturen ya zo, ya ɗan kwana, ya wuce. Daga nesa na hango shi a kan doki da hularsa. Abin da ya rage mana na ciyawar kirki bai fi abin da jaki zai ɗauka sau ɗaya ba.

Muka koma kufai, muka ishe shanun Sambo sun cinye saura, kamar yadda aka yi alkawari. Sai muka shiga bin itatuwa ɗaya ɗaya, marke, kaɗe, ɗorawa, duk inda shanu ba su kai ba. Mu fara yanke ta bakin inuwa, in ba ta isa ba mu matsa ciki. Ina yanka ina jin laushinta a tafin hannuna. Kawu ya ce tun da babu wata, sai mu yi mata duk abin da za a iya yi. Audu ya ƙera mana wani ƙarfe mai haƙora, muka kafa shi a kututture, muna jan ciyawar a ciki ganyen na zubewa, kara kaɗai ke saura. Muka shanya ta a kan fako ta ƙara shan rana. Muka kakkaɓe tsohuwar ciyawar da muka sauke daga rufewar mutane, muka tsince wadda ba ta mutu ba muka gauraya. Muka ƙara wa rufin tsini don ruwa ya yi saurin gangarewa. 'Yar ta gawon da ta rage kuma muka raba ta, kowace rufewa ta samu kaɗan a tsororuwa.

Kawu bai ɓoye wa kowa ba. Duk gidan da muka shiga sai ya kira mai gidan ya damƙa masa ciyawar a hannu.

Audu ya murza ta, ya ce, "Tana kai kaka?"

Kawu ya ce, "Ban sani ba, Audu. Ban taɓa rufi da irinta ba."

Inna Hure kuwa cewa ta yi, "Ku rufa hakanan. Ta fi sarari."

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar da ta biyo, aka yi shuka. Na ɗauki wata al'ada. Duk ran da aka yi ruwa, da ya tsagaita sai in bar gona in zaga rufewar nan ɗaya bayan ɗaya. In cusa hannu ƙarƙashin jinka har kafaɗa, in taɓa yumɓun, in zaro in sunsuna. Matan gida suna tsaye suna kallon fuskata, ba hannuna ba. Farkon damina ba a samu matsala ba, don ana ruwa ana rana, ciyawa na jiƙa tana bushewa. Har wasu suka fara ce mini ai ta inuwar ma ta yi. Ni dai ina jiran marka.

Marka ta zo da yayyafi marar yankewa, sama ta rufe, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Jinkunan suka fara kwantawa. Yawancinsu suna fili, iska na ɗan bugunsu, sun jure. Biyu ne suka fi tsorata ni. Ta Inna Hure tana lungu tsakanin katanga da ɗaki, iska ba ta kai mata. Ta Audu kuma reshen durumin nan ya miƙo a kanta, ko ruwa ya tsaya ganye na ci gaba da ɗiga mata. Wata safiya na cusa hannu a ta Inna Hure, yatsuna suka nutse a yumɓu, na zaro su da wari kamar na turken awaki. Na ruga gidan Audu, na ishe tasa haka, har farin funfuna ya fito a jikin ciyawar.

A tsakiyar damina babu busasshiyar ciyawa ko'ina, ta daji duk ɗanya ce shar. Muka tsaya a zauren Kawu, ni da shi da Audu, ruwa na zuba.

Audu ya ce, "Ga ciyawarmu can bisa bariki, jemagu ka kwana cikinta."

Kawu ya ce, "Wanda ya zari sili ɗaya can, gidan yari za shi."

Sai na ga Kawu yana kallon cikin gida ta ƙofar zaure. Na bi idonsa. Ɗakina yake kallo, wanda aka gina mini a gidansa lokacin aure. Shi da kansa ya rufa shi a shekarar wadata da zallar ciyawar gawo. Jinkar ɗakin ƙasa ana iya ɗaga ta ɗungum a kai wani wuri, in an samu maza. Faɗinta zai rufe ta Inna Hure, zai rufe ta Audu. Amma guda ɗaya ce. Sauran ɗakunan gidan rufinsu ya tsufa, da an ɗaga za su wargaje.

Audu ma ya gane. Ya dubi Kawu.

Kawu ya ce, "Audu, kana da ƙanne maza, kana da maƙera da wuta. Ku kwashe naku ku kai can ku baza. Gidan Hure babu namiji, babu wurin da za a zuba."

Audu ya ce, "Maƙerar ga ba ta ɗaukar rabinsa."

Kawu ya ce, "Na sani. Mun gama can muna zakkowa mu kama maku."

Audu ya ja rigarsa ya rufe kai, ya fita cikin ruwa.

Na shiga na gaya wa Hajo. Tana zaune a bakin gado tana ba yaro nono. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta dube ni.

Ta ce, "Mu fa?"

Na ce, "Zauren Kawu."

Ta ce, "Ginin fa?"

Ita ma ta san ruwa zai cinye bangon. Ta goya yaron, ta ce, "Ku bari in fid da ƙorena."

Na zaga maƙwabta na tara maza. Muka yanke igiyoyin da suka riƙe jinkar, muka zura itatuwa ta ƙarƙashi, muka ɗaga a tare. Jiƙaƙƙiyar jinka nauyinta ya wuce yadda kuke zato. Mu da ke ƙarƙashi ba ma ganin gaba, sai ƙafafun juna da taɓo. Kawu na gaba yana ɗingishi yana kira, dama, hagu, ku tsaya. A wani lungu ta ƙi wucewa, sai da aka karya dangar wani. Mutum ɗaya ya zame ya faɗi, gefen ya sunkuya, na ji itacen ciki ya yi ƙara, na ce shi ke nan ta karye. Ba ta karye ba. Muka isa gidan Inna Hure, na hau na yaye ruɓaɓɓiyar, tana fitowa a dunƙule kamar taki. Muka kifa tawa. Kafin a ɗaure na leƙa bakin rufewar na zura hannu. Zangarniyar sama ta yi sanyi, amma ƙasa da ita a bushe take. Na gaya wa Inna Hure. Ta zauna a kan turmi cikin ruwan nan, ta rufe fuska da mayafi.

Ba mu tsaya shan ruwa ba muka nufi gidan Audu. Azahar ta yi. Tun daga ƙofa na ji kukan mata. Sun kwashe abin da bai kai rabi ba, sai gefen rufewar da ke ƙarƙashin durumi ya zube. Gero ya watsu cikin taɓo, yumɓu ya danne sauran. Muka duƙa muna tonowa da hannu, muna ɗauraye zangarniya a ruwan kwatarniya, muna kaiwa maƙera. Audu na tsaye a tsakiyar abin, laka har gwiwa. Na matsa kusa da shi.

Ya ce, "Ba ku yi man ƙarya ba, Bawa. Kun faɗa man tun farko. Amma ka tafi gida, ba ni son ganinka yau."

Na tafi. Na ishe ɗakina a buɗe, ruwa na zuba a inda gadonmu yake. Kafin markar nan ta wuce, bangon ya narke ya dawo iya gwiwa. Muka ƙarasa daminar a zauren Kawu, an raba shi da zana, masu shiga gida suna wucewa ta gefen shimfiɗarmu.

Geron Inna Hure ya kai gidanta har sabo ya nuna. Sauran rufewar ma sun kai, da ƙyar, wasu da ɗan asarar sama. Gidan Audu kuwa abin da aka tono yawancinsa ya yi tsiro. Shi suka riƙa dakawa suna ci da ɗacinsa, suna haɗawa da tafasa da rama. Kawu ya aika masa da abin da ya iya daga namu, ya karɓa don yara, bai aiko da godiya ba. Ƙaramar 'yarsa ta rame har na daina gane ta a hanya. Ta rayu, ita ce kakar wasu daga cikinku. Ni kuma na canza hanyar gonata don kada in bi ta gindin durumi.

Kakar shekarar ta yi albarka. Gamba a fili ta fi tsawon mutum a kan jaki, babu mai waiwayar gindin itace. Laujena kuwa ya cinye, ƙayar sarƙaƙiya da duwatsun kufai sun gama da bakinsa. Na ce wa Kawu zan tafi Dogon Daji, na ji akwai maƙeri mai kyau can.

Ya ce, "Maƙerin Dogon Daji ya san kai bahago na? Tafi wurin Audu."

Na je da hantsi. Yana zaune gaban wuta, ƙanensa na zuga. Reshen durumin nan babu shi, an sare. A gefe ga sabuwar rufewa an gina, yumɓunta bai gama bushewa ba, kanta a buɗe. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ajiye laujen a gabansa na koma gefe na tsuguna. Ya gama fartanyar da yake yi, ya yi wata, ya sallami wani da ya zo bayana. Har na fara tunanin in ɗauki abina in tafi. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki laujen, ya duba bakinsa, ya cusa shi cikin garwashi.

Ya ce, "Bana ina kaka yanka?"

Na ce, "Fili, Maƙeri. Ko'ina akwai."

Ya zaro ƙarfen ya yi ja, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya ɗaga guduma.

Ya ce, "To, ka fara da tawa. In ta saura ka kai ma Bature."